Jaruman da Ba Su da Uwa

Tun da na dawo daga Masar ban huta da tambaya ba. A majalisarmu ta bakin shagon tela kowa da abin da yake son ji: wannan dalar Fir'auna, wancan ko na sha ruwan Nilu, wani kuma so yake in rantse masa cewa da gaske jaki da motar alfarma suna bin titi ɗaya. Bakina ya gaji, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, wanda ya sake tambaya in miƙa masa. Sai dai ku sani tun yanzu, dala ta tagar mota na hango ta, muka rabu lafiya. Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba, yayana na je nema.

Yaya Lawal shi ne ɗan farin Inna. Ina firamare ya samu gurbin karatun addini a Alƙahira, rabin Kazaure suka raka shi tasha, ana cewa ga alƙalin gobe. A shekarun farko yakan zo hutu, kuma ban da dabino da turare yakan zo da wasu ƙananan littattafan Larabci, girmansu bai wuce tafin hannu ba, a bangonsu an zana mutum da bindiga ko wani mai rufaffiyar fuska yana tsalle daga saman bene. Bayan la'asar sai ya zauna a gindin darbejiya yana karantawa yana juya mana da Hausa. A nan na kamu da ciwon da har yau bai sake ni ba, domin ni ne Salisun da kuka sani, mai rubuta littattafan jarumta.

Daga baya zuwan ya yi nisa, sannan ya tsaya. Da Baba ya rasu ta waya ya yi mana ta'aziyya. Kiran ma ya koma daga sallah sai sallah, aka kwashe shekara ashirin da 'yan kai a haka. Inna kuwa tsufa ya zo, idonta ya soma hazo, likita ya ce ba ya dawowa. Kun san halin iyayenmu da ɗan fari: ba ta taɓa kama sunansa ba, in ya kira ba ta karɓar wayar, sai ta ce, “Ku ce ana gaishe shi,” ta tashi ta nufi wajen kajinta. Ni dai na ƙudura a raina cewa zan kawo shi ta gan shi kafin idon ya rufe.

Da na gaya mata zan je Masar, abin da ta ce kawai, “Allah ya kiyaye hanya.” Ranar tafiya na buɗe jakata na tarar da ƙullin daddawa da kuka da yaji a ƙarƙashin kayana. Na ɗago na dube ta, ta kau da kai ta ce, “Ko za ka gamu da wani mai so.”

Jirgin da muka hau a Kano kashi uku ne: marasa lafiya, 'yan kasuwa da ɗalibai. Kusa da ni wani dattijo ne da za a yi wa aikin gwiwa, ya riƙe hannuna tun daga tashi har muka daidaita a sama, sannan ya sake ni ya ce shi ba tsoro yake ji ba, ni ya ga kamar ina jin tsoro. Da muka sauka aka duba katin rigakafi, aka buga fasfo, sai wajen binciken kaya. Jami'in ya zuge jakata, daddawar Inna ta yi masa sallama. Ya ja da baya ya toshe hanci, ya kira abokin aikinsa. Ni kuma na tattaro Larabcin Islamiyya, na shiga yi masa bayani da cikakken i'irabi cewa wannan abinci ne mai albarka daga mahaifiyata. Ya saurare ni har na gama, sai ya haɗa hannuwa ya ce, “Sadaƙallahul azim.” Suka tuntsire da dariya, ya rufe jakar ya ce yalla, wato in wuce. Ashe Larabcin littafi a bakin mai jaka abin dariya ne a garin.

Na fito ina baza ido, ban ga Yaya ba. Wani siririn mutum ne ya tare ni, ya ce sunansa Isuhu, mutumin Damagaram, ɗalibi ne kuma yana ɗan taɓa fataucin jallabiyya. Ya ce, “Malam Lawal aiki ya riƙe shi, ya ce in sauke ka wajenmu. Ma'alish.” Wannan ma'alish ɗin, wato a yi haƙuri, ita ce kalmar da na fi ji a ƙasar. Na yi murmushi na ce ba komai, amma raina ya sosu.

Masaukin a Hayyin Ashir yake, can ƙololuwar wani bene marar lifta, ɗalibai 'yan Nijar da 'yan Najeriya sun haɗu suna haya. Sun karɓe ni hannu biyu, ba zan ci amanarsu ba, sai dai gari na wayewa kowa ya ɗauki littafinsa ya tafi darasi, a bar ni ni da fanka. Da safe wake da gurasa. Da rana in sauko in ci koshari, wato shinkafa da taliya da makaroni da wake a kwano ɗaya, kamar mai girkin ta rasa shawara ta juye duk abin da ta samu. Na ci na ƙoshi, amma ban taɓa jin na ci abinci ba.

Abin da ya fi damuna gaisuwa. A gida kafin ka isa masallaci ka gaisa da mutum goma, an tambayi iyali da gajiya da kwanan mai jiki. A can na tsaya zan gaida mai gadin benen yadda ya kamata, kafin in kai “ina gajiya” ya ce tamam, wato lafiya lau, ya juya. Matan unguwar ma ba sa saukowa cefane, kwando suke zurowa da igiya ta taga, mai shago ya zuba su janye. Ina yini a bakin taga ina kallon kwandunan nan suna hawa suna sauka. Ban taɓa ganin mutane da yawa haka ba, ban kuma taɓa jin kaɗaici irin na kwanakin nan ba. Duk na kira Yaya sai ya ce, “Bukra, in sha Allahu,” goben kuma ta zo ta wuce.

Isuhu ne ya gaji da ganina. Ya ce, “Malam Salisu, in jiran zuwansa kake, to gara ka nemi takardar zama. Ka hau metro ka sauka Ataba, ka tambayi Azbakiyya, inda ake saida tsofaffin littattafai. Ka ce Ammu Awwal, wato Baffa Lawal a bakinsu, kowa ya san shi.”

Metro jirgin ƙasa ne mai bi ta ƙarƙashin gari. Na ga wani tarago da sauƙin cunkoso, na ce kai, yau na yi sa'a, na faɗa ciki na gyara tsayuwa. Sai na ji shiru. Na waiga dama mata, hagu mata, wata tsohuwa tana nuna min ƙofa da jakarta tana zuba min Larabcin da babu shi a kowane littafi. A tasha ta gaba na fice da kunya kamar in nutse, na koma na maza aka matse ni, na ce wannan shi ne daidai da ni. A nan na ga wani abin mamaki. Wani ƙaton soja mai gashin baki zai sauka, uwarsa ta kamo fuskarsa da hannu biyu a gaban jama'a tana sumbatarsa, tana kiran sunansa tana ƙarawa, shi ko a jikinsa. Ni na ji musu kunya, na sunkuyar da kai.

Kasuwar rumfuna ce a jere, littattafai tun daga ƙasa har rufi, ga warin tsohuwar takarda. Matambayi ba ya ɓata, aka yi ta miƙa ni har wata rumfa ta can ciki. Na tarar da wani dattijo baƙi mai furfura da tabarau, zaune a kan 'yar kujera yana shafa gam a bayan wani ƙaramin littafi. Na kusa wuce shi. Da ya ɗago sai na ga idon Baba.

Na rusuna zan gaishe shi yadda ƙane ke gaida wa, shi kuma ya miƙe ya rungumo ni zai sumbaci kumatuna irin na mutanen can. Goshina ya daki haɓarsa, tabarau ya faɗi. Haka gaisuwar shekara ashirin ta kasance, muna tsugune muna laluben tabarau a ƙarƙashin tebur.

Ya ce, “Salisu, ka zama babban mutum. Izzayak, ya hanya?” Hausar tasa ta yi tsatsa, sai ya tsaya ya nemo kalma. Ya gabatar da ni ga mai rumfar, wani mai tumbi da ake kira Ammu Sabri, aka kawo shayi. Ina buɗe baki zan ce mutanen gida, sai ya jawo wani kwali ya ce in zo in ga abin da ban taɓa gani ba.

Tsofaffin mujallu ne na Turanci, takardarsu ta yi ja, tana karyewa in an lanƙwasa. Ya ce, “Ka ga kakannin littattafan da nake karanta muku. A Amurka aka fara su, tun kafin talabijin. Takardar mafi araha ce, ta dusar katako, don lebura da mai jiran jirgi su iya saye su karanta su yar. Ba wanda ya yi zaton za a adana su.” Ya ce marubutan gwargwadon yawan kalma ake sallamarsu, shi ya sa jarumi ba ya faɗuwa sau ɗaya sai ya tashi ya sake faɗuwa. Wani lokaci mutum da yawa ke rubutu da suna ɗaya, in wannan ya gaji wancan ya ɗora, mai karatu bai sani ba. Akwai mai rufe fuska ya bi azzalumai, akwai ɗan sandan ciki, akwai wanda ya tashi a daji, akwai mai zuwa wata duniyar. Daga cikinsu littattafan zane suka fito, daga nan fina-finan da yaranmu ke kallo yau.

Ya jawo wani kwalin, wannan karon na Larabci. Ya ce da farko fassarawa aka yi ta yi, ana ƙanƙanta su yadda za su shiga aljihu, har mutanen ƙasar suka ce su ma ai suna da maza, suka ƙirƙiro nasu jaruman masu sallah da shan shayi, kowane littafi da lambarsa, yara suna jiran fitowar na gaba. Ya ce, “Ni da su na koyi Larabci. Malamai suna can suna jirana da nahawu, ni ina nan ina bin ɗan leƙen asiri.” Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Muna zaune wani mutum ya zo cikin kwat, kansa fari fat, ya faɗi wata lamba. Yaya ya miƙa hannu ya zaro masa. Mutumin ya buɗe littafin ya kai hanci ya shaƙa, ya daɗe a haka, sannan ya biya ya tafi. Yaya ya ce yawancin masu sayensu yanzu irin waɗannan ne, manya masu neman lambar da ta ɓace musu suna yara.

Sai na ga lokaci ya yi da zan yi tawa bajintar. Na fito da littafina na miƙa masa, labarin Mai Amawali, jarumina wanda da rana maɗinki ne, in zalunci ya yi yawa ya ja amawalin rawani ya rufe fuska. Yaya ya juya bangon, ya karanta shafi biyu, ya dube ni ta saman tabarau.

“Ina uwarsa?”

Na ce ai ta rasu tun a shafin farko, 'yan fashi suka ƙone garinsu.

Ya ce, “Na sani. Duk haka suke. Ka duba kwalayen nan kaf, da wuya ka samu mai uwa a raye. Marubuci kashe ta yake yi tun da wuri, don jarumi mai uwa ba ya nisa. Yana tsakiyar faɗa za a aiko a ce ya zo ana nemansa a gida.”

Abin ya ba ni haushi, ba zan ɓoye ba. Ni a zatona daga kaina na ƙago marayan nan, har ina alfahari da yadda nake sa mata masu karatu kuka, ashe gado na ci daga wasu Turawa da suka mutu ban san sunansu ba, ta hannun Larabawa, ta bakin yayana a gindin darbejiya. Na shanye shayina. Har aka rufe rumfa bai tambayi Inna ba, ni ma ban samu ƙofar shiga ba.

Ranar Juma'a ya ce in zo ɗakinsa a Ard al-Liwa. Unguwa ce mai lunguna, benaye sun haɗe kai har rana ba ta isa ƙasa, ga 'yan keke-napep suna bi ta kan ƙafar mutum. Ɗakin a kan rufin bene yake, kusa da tankunan ruwa da kejin tantabarun wani maƙwabci. Katifa ɗaya, risho ɗaya, kofi ɗaya, sai da ya aro wani kafin mu sha ruwa tare. Sauran wurin duk littattafai ne. Bai taɓa aure ba.

Na ciro ƙullin na ajiye a gabansa. Ya kwance na daddawar, warin ya cika ɗakin, sai ya tashi ya juya min baya yana ta gyaran risho wanda ba abin da ya same shi. Ya tuƙa tuwon semo, ya kaɗa miyar kuka, muka sa hannu a kwano ɗaya. Wannan ne abinci na farko da na ci a Masar.

Na ce, “Yaya, idon Inna yana tafiya. Ka zo mu koma.”

Ya ce, “Ita ta ce in zo?”

Da na iya ƙarya a nan da na yi, ni da nake cin abinci da ƙirƙira. Na ce, “Ka san ba za ta faɗa ba. Ga daddawa ta aiko.”

“Ta ce ka kawo min?”

“Ta ce ko zan gamu da mai so.”

Ya gyaɗa kai. Ya ce, “Uwar Ammu Sabri ta tsufa tukuf, amma kullum da azahar sai ta kira shi ta ji ko ya ci abinci. Ina zaune ina ji, shekara da shekaru. Ni ko muryar tawa uwar ban sani ba yanzu.”

Na ce ai wannan al'adarsu ce, mu tamu kunya ce, shi ma ya sani.

Ya ce, “Ba sai ka koya min ba, a cikinta aka haife ni. Amma gari guda ya raka ni tasha, Salisu. An aiko ni in zama alƙali, na zama mai liƙa bangon tatsuniya, ko shahadar gama karatu ban karɓa ba. Shirun nan nata, kunya ce ko fushi ne? Daga nan ba na iya bambancewa. In na je na tarar fushi ne, ina zan sa kaina? A nan aƙalla ina iya cewa kunya ce.”

Raina ya ɓaci. Na ce masa ya zauna cikin jarumai har ya ɗauki rashin gidansu bai ɗauki zuciyarsu ba, kuma tsohuwa ba za ta fasa makancewa don yana jin tsoro ba. Ban taɓa yi wa babba magana haka ba. Bai yi fushi ba, da ma ya yi da na fi jin daɗi. Ya tura min sauran tuwon ya ce, “Khalas, ya isa. Ci abinci.”

Ranar da zan taho ya zo Hayyin Ashir da kwalin littattafai, ya ce nawa ne. Sannan ya zaro wani baƙin mayafi mai laushi a leda ya cusa a jakata ya ce, “Ka kai wa mutanen gida.” Na ce wa a cikinsu, mutanen gida ai suna da yawa. Ya ce direba yana jira. Wannan karon da na rusuna bai hana ni ba, ya dafa kaina. Mota ta ja, na waiga na gan shi tsaye a bakin titi, mutane suna ratsa shi ta ko'ina, har muka sha kwana.

Na iso gida ana ta sannu da zuwa. Inna ta tambaye ni jirgi, ta tambayi abincinsu, ta tambayi ko akwai sauro, ta tambayi komai ban da abu ɗaya. Na ba ta mayafin na ce wani ne ya ce a kawo wa mutanen gida. Ta shafa shi da tafin hannu, ta kai shi dab da ido, ta tura ƙarƙashin matashi. Da aka watse na zauna a bakin ƙofarta na faɗa mata komai, ɗakin da furfurar da kofi ɗaya, na ce tsoro yake ji ko fushi take da shi, kuma ba zai zo ba sai ya ji daga bakinta. Ta ce, “Kai dai ba ka da ta-ido, Salisu. Tashi ka ba ni wuri.”

Aka kwana biyu ba ta sake tayar da zancen ba. Ran nan da hantsi ina shirin fita ta kira ni. Ta ce, “Wannan abin naku da ake magana a ciki ta tafi, yaya ake yi?” Na buɗe wayar, na ɗora yatsanta a wurin, na ce ta danne ta yi magana. Ta juya fuskarta bango. Kukan kaji ne ya fara shiga. Sannan ta ce, “Ruwa ya sauka a nan. An gyara ɗakin kusa da rijiya, ba ya yoyo yanzu. Ni kuma ba na fushi da kowa. Idona ne ya kusa tafiya, abin da zan gani sai dai in gan shi bana.” Ta ɗage yatsa, ta miƙo min wayar ba ta waigo ba.

Alama a wayar ta nuna Yaya ya saurari saƙon a ranar. Har yau da nake wannan rubutu bai ce komai ba, ni ma ban matsa masa ba. Inna ba ta tambaya. Sai dai duk lokacin da wayata ta yi ƙara a tsakar gida, ko tsintar wake take yi, hannunta yakan tsaya har sai ta ji da wa nake magana.